Gafiyar Gwaggo Mai Tsintar Goro

Mu biyu ne muke tsintar goro a gidanmu na haya a unguwar Sabo, ni da wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo. Alhazan goro su aiko mana da kwanduna, mu baje a tabarma mu ware mai sankara kafin a ɗaure huhu a kai wa mota a tashar Ojoo. Sankara ƙwaro ne da ke cin goro ta ciki. Ɗaya ya kuɓuce miki, kafin kaya su isa Kano ya ɓata rabin huhu. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina amarya, idona garau. Gwaggo kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba zan yi ƙarya ba, murna na yi, don na ɗauka aikin duk hannuna zai dawo.

Ashe tsohuwar ta riga ni shiri. Da masu gyaran kwata suka tone ramin gafiya a bayan gida, sai ta roƙi ɗiya ɗaya, ta raine ta da koko a cikin akurki. Muka yi ta dariya, muna cewa Gwaggo ta yi haihuwar tsufa.

Kullum da sassafe takan jera goro a faranti ta kife da rariyar waya, don babu mai tauna goron da gafiya ta lasa. A cikin jerin akwai guda mai sankara wanda ta yi wa shaida da farce. Sai ta saki gafiyar da igiya a ƙugu tana shinshinawa. In ta tsaya daidai kan mai sankarar ta karci waya, Gwaggo ta ƙyasta yatsu ta ba ta gutsuren ayaba. In ta karci wani wuri, ko kallo. Wata shida suna wannan abu.

"Ba a ba ta ayaba don tausayi, 'yar nan," in ji ta wata rana. "Sau ɗaya kika ba ta a banza, kin rushe aikin wata guda."

Na ji, na kuma riƙe.

Ranar da na tsani dabbar nan ba zan manta da ita ba. Wani Alhaji da ya ji labari ya sa aka ɗauki kwandon da na riga na tsince aka kai ƙofar Gwaggo. Gafiya ta karci goro bakwai. Aka fasa su a gaban matan gida, duk bakwan da ƙwaro a ciki. Matar ɗakin kusa da mu ta buga shewa ta ce, "Kai, amarya, ɓera ya fi ki ido!" Daga ranar kwanduna suka koma ƙofar makauniya, ni kuwa sai ragowa.

Da damina 'yar Gwaggo ta zo daga Akinyele ta tafi da ita neman maganin ido. Mako biyu za su yi. Cikin duk matan gidan, ni tsohuwar ta miƙa wa igiya, wai ni ce na san aikin.

Maigidana na fita kasuwar Shasha sai in jawo ƙofa. In jera lafiyayyen goro zalla, in kife rariya. Duk inda gafiya ta karta, in ƙyasta yatsu in ba ta ayaba. Da farko takan zagaya tana neman warin da ta sani, ta rasa, ta ɗago kai tana kallona. Ba ta da wauta. Kwana uku ta gane cewa wahalar shinshina ta ƙare, karta kawai ake biya. Ta riƙa hawa cinyata kumatu cike, tana lasar yatsuna. Daɗi na ji, har waƙa nake yi mata.

Gwaggo ta dawo idon yana nan yadda yake. Ta ci gaba da aiki, tana bin ƙarar karta da lalube, tana zubar da goro mai kyau tana barin ruɓaɓɓe. Ina zaune ina kallo. Bayan mako uku saƙo ya zo daga Kano cewa huhu biyu sun zama gari. Alhajin ya tsaya a zaure yana ihu har maƙwabta suka leƙo.

"Oya, a fito min da kayana! Ni na jawo wa kaina wahala, na ba makauniya da ɓera amanar goro!"

Aka kwashe kwandunan aka dire a ƙofata.

Da la'asar Gwaggo ta jera goro biyar da ta tabbatar lafiyarsu ƙalau. Gafiya ta karce su duka, ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya tana jiran lada. Tsohuwar ta ɗaga gafiyar ta jinjina nauyinta. Sannan ta aika aka kira Iya mai sayar da abinci a bakin titi, wadda ta daɗe tana cewa a ba ta okete ɗin nan, wato gafiyar, ta yi miya. Iya ta shigo da wuƙarta a naɗe cikin takarda. Gafiyar na jin baƙon wari ta fara fizge-fizge.

"'Yar nan, zo," in ji Gwaggo. Muryarta ba faɗa a ciki. "Ta yi ƙiba a hannunki. Ke za ki riƙe wa Iya. Hannunki ta fi sani yanzu, ba za ta yi gardama ba."

Ta lalubo tafina ta sa mini rabin ayaba. Matan gida duk suna tsaye, babu wadda ta yi shewa. Na tsugunna, na ƙyasta yatsu. Gafiyar ta taho da gudu ta hau cinyata, ta karɓa ta fara ci. Na riƙe ƙafafunta. Ba ta yi gardama ba.