Gam ɗin da na zuba wa rokar 'yata

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Morrisania da ke Bronx, 'yata ta shiga ƙungiyar masu haɗa roka a makarantarsu. Rokar ba irin ta wasan yara ba ce, tsayinta ya kai ƙirjina, kuma sai mutum ya harba ɗaya a gaban masu dubawa kafin a ba shi takardar shaida. Wata biyu tana haɗa ta a kan teburin cin abincinmu, tana bin takardar da ta zo cikin kwalin kayan haɗin layi bayan layi.

Ni kafinta ne tun ina Kumasi, kuma abin da aka koya mana shi ne duk abin da ba shi da nauyi ba shi da ƙwari. Wata Laraba tana makaranta, na ɗauki rokar, na taɓa fukafukan nan uku na gindinta, na ji ba su kwanta mini ba. Maiɗakina ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ajiye mata kayanta. Wannan ba kujera ba ce." Na ce, "Na tsufa ina haɗa katako, yau takarda ce za ta koya mini aiki?"

A tsare na yi ɓarnata. Da farko na dama gam mai kauri, sannan na ɗura shi ta cikin gindin inda ido ba ya kaiwa, na jira ya bushe, na ƙara. Na mayar da ita inda take, ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Asabar ni na ɗauko ta zuwa mota. Muka yi tafiya mai nisa bayan gari, zuwa wata gona inda ake harbin ƙarshe kafin ƙanƙara ta sauka. Mai dubawa wani dattijo ne. Ya ɗora rokar a kan yatsunsa, daidai alamar da 'yata ta zana a inda nauyin ya kamata ya daidaita, sai gindin ya rinjaya ƙasa. Ya ce in nauyi ya koma baya haka, za ta yi ta juyi a sama ta faɗo kan jama'a, kuma gyaran ba na yau ba ne. Ya leƙa ciki ya tambaya, "Wa ya zuba wannan?"

'Yata ta leƙa. Ta dubi faratana, har lokacin da sauran gam a jikinsu. Sai ta ce masa, "Ni ce."

Ina tsaye, ban ce uffan ba.

Muka kamo hanyar gida har muka shigo Bronx. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa mini, ranar da Hausa ta ce, "Baba, ai da ka tambaye ni."

Da sanyi ya wuce ta haɗa wata, amma a makaranta, ba a teburinmu ba. Ta samu takardarta, a bakin mahaifiyarta na ji.

Na daɗe da neman gafararta, ta kuma yafe, har tsokanata take yi da "injiniya". Gam ɗin bai dame ni sosai ba, kuskuren mai sana'a ne. Shirun nan ne ya ƙi barina. Ni da nake koya mata cewa wanda ya ɓata shi zai ɗaga hannu, ranar ita ce ta ɗaga nata saboda ni. Rokar tana nan bayan ƙofar ɗakina, kuma duk sanda na ɗaga ta don shara, gindin ne yake fara rinjaya.