Ba Allura Ce Ta Kashe Rahila Ba

Rahila ta rasu. Da safen nan ɗiyarta Saratu ta kira ni tana kuka, ko ruwan koko ban gama ɗorawa ba.

Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na je gidan, na dawo, na sake komawa. Na share tsakar gidan da na riga na share. Yanzu ma a tsaye nake rubuta wannan.

Ga wanda bai san ta ba, Rahila ce mai ɗan shagon kwalliyar nan da ke hanyar tabki a Madarumfa. Majami'armu ɗaya, bencinmu ɗaya a zumuntar mata. Amaren Musulmi da na Kirista, har daga garin Sarkin Yamma, duk kujerarta suke zama.

Na so in yi shiru yau, amma an hana ni. Kafin rana ta yi zafi saƙon murya ya fara yawo a wayoyin mata, wai Rahila ta tsallaka Katsina an yi mata allurar cike ƙasan ido, wai allurar ce ta kashe ta, wai irinta take yi wa mutane a ɓoye. Har wata uwar amarya ta aiko wa Saratu cewa an fasa kwalliyar ɗiyarta. Ko rufe gawa ba a yi ba!

Shagon nan shi Rahila ta bar wa Saratu, da shi za ta ciyar da ƙannenta. In ƙaryar nan ta zauna, ba wadda za ta ƙara taka ƙofar.

To bari in faɗi abin da na sani.

Shekarar da maigidana ya rasu, kuka da rashin barci suka sa ƙasan idona ya yi baƙi ƙirin. Ni malamar lakwal ce, makarantar boko. Ranar da na koma aji wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, wa ya buge ki?" Da aka tashi ban nufi gida ba, shagon Rahila na faɗa.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwantar da kaina a jikin kujera, ta ciro kokwamba daga cikin randa, don ba ta yarda da sanyin firigo ba a garin da kuran, wato lantarki, ke zuwa sai ya ga dama. Ta yanka ta ɗora mini a ido. Daga baya ta shafa man kaɗe da yatsan zobe, a hankali, ta ce shi ne yatsan da ba shi da mugunta.

Ta ce, "Yaya Tabita, baƙin ga ina iya rage miki shi. Tamojin kau naki ne, ke kinka yi aikinsu. Ba ni taɓa su."

Na yi dariya, ta farko tun bayan rufe maigida.

Tana da wata ɗabi'a. Kafin ta taɓa fuskar mace sai ta ja fatar ido ta ƙasa ta leƙa. In ta ga wurin ya yi fari fat, sai ta rufe hodarta ta ce, "Tahi likita a duba jininki, kana ki dawo." Mata nawa suka fita suna fushi? Mayukan da ake kawowa daga garin Ɗan Issa, masu wanke baƙi cikin sati su bar fata kamar ledar mai, ko a kyauta ba ta karɓa. Wannan matar ce yau ake cewa tana ɓoye allura.

Ga inda maganar ta samo asali.

Bayan damina sai muka ga tamojin Rahila sun ɓace. Ƙasan idonta ya cika, ya yi sumul, kumatu sun taso. Mu kuwa matan da shekaru suka fara yi wa zane a fuska, me za mu yi in ba kewaye ta ba? Ana tashi sujada muka tare ta a bakin ƙofa. "Mi kike shafawa? Rowa za ki yi muna?" Sai ta yi murmushi ta gyara ɗankwali. Muka kuma lura ta daina tsayuwa a kan amare, Saratu ke aikin, ita tana zaune tana nuni da baki. Muka ce kuɗi sun zo, Rahila ta zama babbar madam.

Ganina da ita na ƙarshe, takanas na je. Na tura ƙofar shagon na ce ba ni fita sai da sirrin.

Ta dube ni. Sai ta janye zanenta kaɗan, ta kama babban yatsana ta danna a ƙwaurinta. Da na ɗauke, ramin ya zauna kamar a ƙullun fura, bai taso ba.

Ta ce, "Ga sirrin nan. Ruwa ne, Yaya. An yi mini analiz Maradi, an gwada jinina, ƙoda ce."

Kumburin ciwo muka yi wata da watanni muna yi wa barka.

Na ce don me ba za ta faɗa ba, a yi mata addu'a, a taimaka? Ta ce, "Wa za shi kawo amarya hannun maras lahiya? Bari mutane su saba da hannun Saratu tukuna. Ki riƙe mini wagga magana."

Na riƙe. Yau na sake ta, da izinin Saratu, don shirun da ta yi saboda ɗiyarta shi ake son a kashe ɗiyar da shi.

Masu tura saƙon nan, ku ji tsoron Allah ku goge. Ke kuma uwar amarya, na san kina karantawa. Ki kawo ɗiyarki. Hannun da zai taɓa ta, Rahila ta ɓoye ciwonta don ta gama koyar da shi.

Mu kuma sauran mata, in kin tashi da safe kin ga ƙasan idonki ya cika haka kawai, kar ki yi murna, ki nufi likita.

Ɗazu Saratu ke ba ni labari. A satin ƙarshe, da magani ya janye ruwan fuskarta, sai ta ce a miƙo mata madubi. Ta duba, ta shafa ƙasan idonta da yatsan zobe, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Saratu, zo ki gani, sun dawo. Ki hwaɗa ma Yaya Tabita na koma sahunsu."

Na buɗe fuskarta da safen nan. Suna nan duka, ko ɗaya bai ɓata ba. Ban taɓa ganin tamoji na ji daɗi irin na yau ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Rahila, ka ba ta hutun da ta hana kanta. Ka share hawayen Saratu da ƙannenta, ka tsare musu sunan uwarsu, ka albarkaci hannun da ta bari.

Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ina roƙonku ku sa marayun nan cikin addu'arku. Wanda kuma saƙon ƙaryar ya iso wayarsa, ya tura wannan inda wancan ya fito.