Mai Karanta wa Malam Thwaite

Edna Holroyd tana da shekara goma sha bakwai ta fara aiki a maɗaba'ar jaridar garinmu, a 1951. 'Yar masaƙa ce gaba da baya. Uwarta ta yi shekara arba'in a gaban injin saƙar ulu har ƙararsa ta cinye mata kunne, ta kuwa rantse 'yarta ba za ta taka wannan ƙofa ba. Da malamar makaranta ta ce yarinyar ta iya karatu a bayyane, sai aka kai ta wani ɗan ɗaki a saman bene, inda Arnold Thwaite yake gyaran rubutu.

A wancan zamani aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe takardar da marubuci ya kawo yana karantawa da ƙarfi, har waƙafi da aya sai ya ambata. Ɗayan ya kafa ido kan shafin gwaji da aka buga, yana bi da alƙalami. In shafi ya ƙare, mai alƙalamin ya sa hannu a ƙasa, shaidar cewa idonsa ya bi kowane layi. Edna ce mai karatu, Thwaite ne mai sa hannu.

Turanci kuwa cike yake da kalmomin da kunne ke ɗauka tagwaye ne alhali ko dangi ba su haɗa ba. Ranar farko ya zaunar da ita a kan accept da except, ɗaya karɓa, ɗaya togewa.

"Waccan ƙofa ce a buɗe, wannan a rufe," in ji shi. "In kin zo kan irinsu, ki ja harafin farko in ji shi sarai. Kada ki bar ni da zato."

Haka suka zauna shekara ashirin da takwas, gwiwa kusa da gwiwa, shi yana ce mata Malama Holroyd, ita tana ce masa Malam Thwaite. Bai taɓa aure ba. Ita ma jinyar uwa ta riƙe ta har lokaci ya wuce. Masu haɗa haruffa a ƙasa suna kiransu ango da amarya, amma a bayan idonsu.

"A hankali, Malama Holroyd, ba gobara ake ba."

"Ai jirgin Leeds da ke tsayawa kowace tasha ma ya fi ka sauri."

"Shi ya sa bai taɓa barin kowa a baya ba. Koma kan layin."

A farkon 1979 ta lura yana ɗaga kai daga shafin yana duban bakinta. Wani zai ce ba komai. Amma Edna a gaban irin wannan kallo ta girma, haka uwarta da dukan matan masaƙa suke sauraro, da ido. Ta kuma san abin da yake nufi a wannan ɗaki: idon da ke kan bakin mai karatu ba ya kan shafi. Duk ranar da manaja ya gane, Thwaite zai rabu da kujerarsa, mutumin da ba shi da komai a duniya sai wannan kujera.

Ta fara ɗaga murya. Ya daka mata tsawa, "Ni kurma ne da kike min ihu?" Sai ta bari.

Kullum ƙarfe sha biyu da rabi yakan ɗauki burodi da cuku ya tafi bakin kogi ya ci shi kaɗai. Edna ta daina sauka cin nata. Da ya fita sai ta jawo shafukan da ya sa wa hannu, ta sake bin su da takardar asali, ta gyara abin da ya wuce shi. Ta san yadda yake lanƙwasa kowace alama, har 'yar ƙugiyar da yake wa waƙafi. Wata goma sha huɗu tana haka, jarida na fita kowace Juma'a tsaf, manaja Sugden har yana yabon tsohon a gaban jama'a.

Wata Laraba ruwa ya kece, ga shi ya manta lema, sai ya dawo da wuri. Ya tarar da ita da alƙalaminsa a hannu, ta sunkuya kan shafin da ya gama da safe. Ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Yau ne kawai na ga wani ɗan..."

"Ɗago ki dube ni ki faɗa, don in ji."

Wannan ne karo na farko da ya amsa da bakinsa cewa ba ya ji. Ta ɗago, ta buɗe baki sosai yadda take wa uwarta magana. "Tun Maris na bara."

"Nawa kika tsinta yau?"

"Shida."

"Shida. A shafin da na sa wa hannu."

"Haba, Arnold!" Ba ta taɓa kiran sunan nan ba sai ranar. "Saura shekara biyu ka yi ritaya. Wa ya sani? Wa aka cuta?"

"Yanzu ni na sani," ya ce. Ya rataye hular, ya gyara wuyan rigarsa, ya sauka.

Sugden da kansa ya riƙa ba da labarin abin da ya biyo baya: Thwaite ya shiga ofishinsa ya ce kunnensa ya tafi, zai ajiye aiki. Ya ce ya roƙe shi ya sa na'urar kunne, Thwaite ya ce ya gwada a ɓoye, ba ta jawo masa komai sai rugugin injin ƙasa. Ya tambaye shi to wa zai riƙe aikin.

"Malama Holroyd."

"Kai, Arnold, mace ba ta taɓa zama kujerar nan ba."

"Ta yi wata goma sha huɗu a kai, kana ta yabo, ba ka dai san wa kake yabo ba."

Ranar Juma'a aka yi masa shayin ban kwana da kek, ya gaisa da kowa hannu da hannu, har da ita, kamar yadda ya gaisa da direban motar jarida. Kafin wata ya ƙare ya koma wajen ƙanwarsa Muriel a Filey, bakin teku.

Edna ta rubuta masa sau uku, ba amsa. Da bazara ta hau bas ta je. Muriel ta karɓe ta hannu biyu, ta kawo shayi, ta bar su a ɗakin gaba. Ya rame, amma rigarsa a goge. Ya tashi ya ba ta kujera mai kyau, ya tambayi lafiyar Sugden, sannan ya juya wajen taga yana kallon ruwa. Ta faɗi duk abin da ta shirya a hanya: cewa ba don ta raina shi ba ne, cewa ba kujerar take so ba, cewa ɗakin ya yi mata faɗi. Bai juyo ba, don haka ko kalma ɗaya bai ji ba. Ta san ya san haka. Da ƙarfe huɗu ta yi, ya raka ta ƙofa, ya ce ta kula da matakala, tana da santsi.

Ya rasu a 1983. Muriel ce ta aiko da sanarwar a buga, Edna ta bi ta layi layi, ta sa hannu.

Ta riƙe kujerar shekara takwas, har aka kawo kwamfuta aka rufe ɗakin. Waɗanda suka karanta mata sun ce ba ta da faɗa, amma ba ta wasa da kowa. Bayan ta tsufa, wata maƙwabciyarta ta taɓa tambayarta ko da za a mayar da ita baya za ta sake yin abin da ta yi. Ta daɗe tana juya cokali a kofi.

"Da na gaya masa tun ranar farko, da ya tafi tun ranar," ta ce. "Na samu wata goma sha huɗu."

An binne ta a watan Nuwamba na 2003, kusa da uwarta, a maƙabartar da ke bayan tsohuwar masaƙa.