Rumfar Motar Ntate Moeketsi

A garin Bethlehem da ke kusa da ƙasar Lesotho, duk wanda tampol ɗin motarsa ya yage, ko kujerar tasinsa ta fashe, wajen Ntate Moeketsi Tsotetsi, wato Baba Moeketsi, ake tura shi. Shekara talatin da huɗu ya yi a kan keken ɗinki guda, a wani ɗan shago da ke bayan tashar mota. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Sanyin ƙashi ya riga ya tanƙwara masa yatsu uku na hannun dama, amma ɗinkinsa bai taɓa karkacewa ba.

Abu ɗaya ya mallaka da yake taƙama da shi: wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rumfarta a bar sama buɗe. A gonar wani Bature ya tsinto ta, kaji na ƙwai a cikinta. Shekara shida yana tayar da ita. Rumfar kuwa da hannunsa ya yanka ya ɗinka, baƙar leda mai kauri, da tagar roba a baya. Duk Disamba amare kan yi layi a ɗauke su a ciki. Amma daga Mayu zuwa Agusta, lokacin hunturun ƙasar, ko wa ya roƙe shi ba ya sauke rumfar.

"Leda ce," yakan ce. "In sanyi ya kama ta sai ta takure ta sandare kamar busasshiyar fata. Za ka sauke ta, amma mayarwa fa?"

Sau ɗaya tak ya karya wannan doka, kuma saboda yayarsa ce, Dipuo, wadda yake kira Ausi, wato Yaya.

Ita ta raine shi. Yana da shekara biyar uwarsu ta rasu, Dipuo ta bar makaranta ta shiga wankau a gidajen gona, daga baya ta kai shi wajen wani tela ta ce a koya masa. A lokacin shekarunta saba'in da biyu, tana zaune ita kaɗai a garin Phuthaditjhaba da ciwon ƙirji. A watan Yuni ta faɗi a tsakar gida, ta kwana biyu ba ta iya tashi ta hura wuta ba. Moeketsi da matarsa suka ce to, ya isa, ta dawo wajensu. An kwashe kayanta a a-kori-kura ran Juma'a, ita kuwa ta ƙi shiga.

"Ni ba buhun masara ba ce," ta ce masa a waya. "Ka zo da jar nan. Ka ɗauki 'ya'yan mutane a ciki, ni ban taɓa sa ƙafa ba."

Ran Asabar da hantsi ya same ta a ƙofar gida, lulluɓe da bargo biyu, filas ɗin shayi a hannu. Ta ce ta hanyar duwatsu za su bi, ba ta garin Kestell mai sauƙi ba. Bai yi musu ba. Sama tas take, rana ta fito, ko da yake ƙanƙara ta yi fari a kan tsaunuka.

Sun shiga cikin duwatsu kenan ta ƙwanƙwasa rumfar da sandarta.

"Buɗe wannan abin."

"Ausi, Yuli muke ciki."

"Na san watan da muke ciki, ban ruɗe ba tukuna. Can ƙarƙashin dutsen nan aka haife ni, kai ma haka. Za ka kai ni ɗakin baya na gidanka in zauna ina kallon katanga. Bari in gan su da idona, ba ta wannan 'yar tagar ba."

"In ta ƙi rufuwa fa?"

"Kai ka ɗinka ta ko wani? Tun kana yaro kake da tsoro, Moeketsi. Akuya ma gudunta kake."

Ya tsaya a gefen hanya. Ya shafa ledar, ya ji rana ta ɗan ɗumama ta. Ya saki ƙugiyoyi biyu da ke riƙe ta da saman gilashin gaba, ya naɗe ta a hankali, yana lanƙwasa tagar robar da tafin hannu don kada ta tsage. Suka ci gaba sannu-sannu. Dipuo ta ɗaga kai tana kiran sunan kowane dutse, tana nuna inda suke yin itace da inda wani saurayi ya taɓa tare ta. Tana dariya, tana tari.

Ba su yi minti ashirin ba iska ta juya. Moeketsi ne ya fara ganin hadarin, toka-toka, yana gangarowa daga wajen Lesotho yana haɗiye tsaunuka ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya sami wurin tsayawa, ruwa mai haɗe da ƙanƙara ya fara dukan fuskarsu.

Ya fita da sauri ya ɗago rumfar. Da jin nauyinta ya san akwai matsala. Ta yi tauri, tana ƙara kamar ana taka kwali. Ya ja ta gaba, ta zo, ta zo, sai ta tsaya. Tsakanin bakinta da gilashin gaba saura faɗin yatsa biyu. Ƙugiyar ta kasa kamawa.

Ya shiga ciki ya rataya da nauyinsa duka. Ko motsi. Ya fita ya danna daga sama da ƙirjinsa, iska ta shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga rumfar, saura kaɗan ta karya ƙarafan. Da rumfa a haka ba a tafiya, iskar hanya za ta fizge ta gaba ɗaya. In kuma ya mayar da ita baya, sai ya yi kilomita talatin zuwa Clarens, gari mafi kusa, da tsohuwa mai ciwon ƙirji a cikin ƙanƙara. Ya duba waya, babu sabis. Babu mota ko ɗaya a hanyar.

"Ta rufu?" in ji Dipuo.

"Yanzu, Ausi."

Ya ƙure hita mai ɗumama mota, ya karɓi filas ɗinta ya kwarara shayin mai zafi a kan ledar, ta gefen da ta fi ɗamewa. Tururi ya tashi. Ya ja da ƙarfi, ta matso yatsa ɗaya. Kafin ya kai hannu ga ƙugiya iska ta sake sandarar da ita. Yatsunsa masu ciwo suka daina jin komai, ya ga jini a bayan hannunsa bai san inda ya yanke ba.

Sai ya lura ta daina magana. Ya leƙa. Ƙanƙara ta taru a kan bargonta, leɓunanta sun canza launi, numfashinta na fita da wani siririn fito.

"Ausi! Ausi Dipuo, dube ni."

Ta buɗe ido da ƙyar. "Kar ka yi mini ihu," ta ce, muryar can ƙasa. "Yi aikinka."

Ya tsaya a bayan motar yana kallon ɗinkin da ya haɗa rumfar da jikin mota, ƙarƙashin tagar roba. Layi biyu ne, miƙaƙƙu, sati uku ya yi a kansu. Nan ne ledar take riƙe. Ya zaro wuƙar aikinsa daga aljihu, ya buɗe ta da haƙori don yatsun sun ƙi, ya soka, ya ja daga wannan gefe zuwa wancan. Ledar ta buɗe baki, tagar robar ta tsage biyu da ƙara.

Ya koma ciki ya jawo rumfar. Ƙugiyar hagu ta kama. Ta dama ta zame sau biyu. A na uku sai ga sandar Dipuo ta saƙalo ƙarfen daga sama, tana ja da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ya danna da gwiwar hannu, ta shiga.

Ya cire rigar sanyinsa ya toshe ɓarakar baya da ita, ya kakkaɓe mata bargo, ya ja mota. Hanyar ta yi santsi, ga kwana a kan kwana, bai isa ya wuce giya ta biyu ba. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana riƙe da nata. Don kada ta yi barci ya dinga yi mata tambayoyi, shi da ba ya magana: sunan karen babansu, wa ya ƙona bukkar kakarsu, shekarar da aka yi fari. Wani lokaci ta amsa, wani lokaci shiru, sai ya girgiza hannun har ta yi tsaki.

Kusan awa guda suka yi kafin su ga rufin gidajen Clarens. Daga can motar asibiti ta wuce da ita Bethlehem. Kwana tara ta yi a kwance, an sa mata robar iska a hanci. Moeketsi ya rufe shago, kullum yana kan benci a bakin ɗakin, bai yarda ya haɗa ido da matarsa ba. A rana ta huɗu wata nas ta fito ta ce tsohuwa na kiransa.

Ya shiga yana murza hula. "Ausi, laifina ne. Da ban biye miki ba."

"Da ba ka biye mini ba da na fasa maka kai da sanda," ta ce. "Zauna. Abincin nan nasu ba gishiri. Gobe ka ce wa matarka ta aiko mini da tuwon masara da ganye, ta sa barkono."

Shekara uku ta ƙara yi a gidansa. Ta ƙi ɗakin baya, ta sa aka ba ta na gaba mai kallon titi, ta mayar da rabin tsakar gidan lambun alayyafo. Hannun Moeketsi na dama bai koma daidai ba tun daga ranar, dole ya koyi riƙe almakashi da hagu yana da shekara sittin da biyu. Yankansa ya ɗan rage sauri. Masu tasi suna ƙorafi, amma har yanzu wajensa suke kawo kujerunsu.