Matar da Ta Kife Hatiminta Saboda Sifili Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko dusar ƙanƙara ta rufe garinmu Suwa, a ƙasar Japan, ko zafi ya sauko, Ushiyama Tokiko takan jingine kekenta a bayan rumbun kayan kamfaninmu, ta sauya takalmi a bakin ƙofa, ta hau bene. Teburinta yana can ƙarshen ɗaki, jikin taga. Takan zuba shayi, ta buɗe wasiƙun koke da suka kwana, ta shiga amsa su ɗaya bayan ɗaya: wani ɗakin shan magani na ƙauye da na'urarsa ta tsufa, wata nas da ta manta yadda ake sauya batir. Da rana ta ci shinkafarta da ganyen tsami a nan inda take zaune. Haka ta yi shekara ashirin da bakwai, kuma a ƙarshen watan nan na Maris take ajiye aiki.

Na zo kamfanin shekara uku da suka wuce, da takardar jami'a a hannu da ɗacin rai a ciki, domin manyan kamfanonin Tokyo ba su ɗauke ni ba. Duk wanda ya yi aikin ofis a ƙasarmu ya san ma'anar a kai babban ma'aikaci jikin taga: an jingine shi ke nan. Idan na dube ta, abin da nake tsoron zama nake gani. Ina rubuta wannan ne domin na yi mata mummunar fahimta, kuma ba ni kaɗai ba.

Bara aka ba ni aikin kwashe tsohuwar manhajarmu zuwa sababbin na'urori. A cikinta na tarar da wani ɗan guntun aiki mai layi saba'in da ɗaya, an rubuta shi a 1998, babu sunan kowa a kai. Aikinsa ɗaya ne: ya ɗauki lamba mai ɗigo daga cikin ƙwaƙwalwar na'ura ya mayar da ita rubutun da ido zai karanta. Na yi niyyar jefar da shi in rubuta nawa. Kafin nan na kwana biyu ina cusa masa miyagun lambobi don in ga inda zai karye, bai karye ba. Da na tambayi Fujimori, dattijon da ke kula da ɗaurin kaya, ko ya san mai shi, sai ya ajiye almakashinsa ya ce, “Kai yaron jami'a, kullum kana wuce ta jikin taga ba ko gaisuwar kirki, yau kuma kana neman ta a cikin na'ura?”

Ga abin da ya ba ni labari, wasu mutum biyu kuma suka tabbatar mini; abin da bai sani ba kuwa daga baya na ji shi.

A wancan lokaci kamfanin ya ƙera wata 'yar na'ura mai cika tafin hannu domin nas-nas masu zagaya ƙauyukan kan duwatsu. Nas za ta shigar da nauyin yaro, na'urar ta faɗa mata yawan maganin da za ta ba shi. Irin waɗannan na'urori ba su da wadatar ƙwaƙwalwa, kuma ba sa zuwa da hanyar rubuta lamba mai ɗigo yadda mutane suka saba gani. Cikakkiyar lamba marar ɗigo kawai suka iya rubutawa. Dole mai manhaja ya ƙirƙiro dabararsa. Shugaban sashe, Koguchi, ya ƙirƙiro tasa: a raba lambar biyu a kan ɗigon, a rubuta ɓangaren farko, a sa ɗigo, sannan a ninka ragowar sau ɗari a rubuta. Da 1.25 dabarar tana aiki. Da 2.50 ma haka. Duk gwajin da aka yi, da irin waɗannan lambobi aka yi shi.

Ushiyama-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, wadda aka ba duba aikin a matakin ƙarshe, ta shigar da nauyin jariri. Amsar da ta kamata ta fito ita ce 0.08. Na'urar ta nuna 0.8. Ragowar da aka ninka ta ba da takwas, kuma cikakkiyar lamba ba ta ɗaukar sifili a gabanta. Lissafin da ke cikin na'urar daidai yake, wajen rubuta shi ne sifili ya faɗi, maganin ya ninka sau goma.

Ranar Litinin ce. Na'ura ɗari uku suna cikin kwalaye, Fujimori ya gama ɗaure su, mota za ta zo ranar Juma'a. Ta sami Koguchi shi kaɗai ta nuna masa. Ya ce nas mai hankali za ta gane, kuma za a gyara a fitowa ta biyu, da bazara. Ta ce nas ɗin da ta hau dutse tun safe, jariri yana kuka, uwa tana kallonta, abin da na'ura ta rubuta shi za ta gaskata, domin don haka aka saya mata ita. Ya ce mata takardar amincewa tana tafe, ta buga hatiminta kamar kowa.

Takardar ta zagayo kamar yadda aka saba, daga ƙarami zuwa babba, kowa yana buga jan hatiminsa a gurbinsa, ɗan karkace wajen na shugaba don ladabi. A wurinmu ba a ƙin bugawa. Amma akwai wata tsohuwar hanya da kowa ya ji labarinta, ba wanda ya taɓa ganin an bi ta: wanda zuciyarsa ba ta yarda ba, ya buga nasa a kife. Haka takardar ta isa teburin mai kamfanin, tsoho Momose, da hatimi biyar a miƙe, ɗaya kansa a ƙasa.

Momose ya kira su duka, har da Fujimori. Ya ɗaga takardar ya tambaya ko hannunta ne ya goce. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta miƙa masa na'urar da hannu biyu.

“Shugaba, jikarka da aka haifa watan jiya, kilo nawa ce yanzu?”

“Uku da ɗigo biyu. Me ya kawo jikata nan?”

“Ka shigar da shi. Sannan ka yi lissafin da kanka.”

Tsohon ya shigar, ya jawo katakon lissafinsa mai 'yan ƙwallaye, ya karkaɗa su sau biyu, ya sake duban na'urar. Amsarsa da ta na'urar ba su zo ɗaya ba. Da Momose ya tambayi wanda ya rubuta wannan wuri, Koguchi yana tsaye a gefenta, kansa a sunkuye. Ita kuwa cewa ta yi, “Aikin sashenmu ne. Ka ba ni zuwa Alhamis.”

Gurbin da ya rage a ƙwaƙwalwar na'urar bai kai cikin shafin littafi ba. A cikinsa ta gina abin da na tarar. Ta fara daidaita lambar kafin a taɓa ta, sannan ta zaro alƙalumanta ɗaya-ɗaya, ko sifili ne sai an rubuta shi. Ta tuna da 9.996, wadda ke zama 10.00 ba 9.100 ba. Ta tuna da lambar da ke ƙasa da sifili da rabi kawai, wadda alamarta kan ɓace. Ranar Alhamis aka kwance kwalaye ɗari uku, ma'aikata suka jeru a dogon tebur, ana ɗora gyaran a na'ura bayan na'ura. Fujimori ya ce yana sake ɗauri yana mita, yana ce mata mai gadin sifili, ita kuma tana ce masa ya ja igiyarsa da kyau, kada ita ma ta zo ta duba. Mota ta tashi ranar Juma'a, a kan lokaci.

Da sabuwar shekarar aiki ta kama, Koguchi ya mayar da ita teburin koke. Ba a ce hukunci ba ne, ba a kuma ce ba shi ba ne. Waɗanda suka shigo bayanta sun zama shugabanninta. Ba ta kai ƙara ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa wanda ya yar da sifilin ba.

Ushiyama-san, ke ce kika san cewa lamba ba ta gama zama gaskiya ba sai ta isa idon mai karanta ta. Ke ce kika tsare jariran da ba ki taɓa gani ba, kika kuma rufa asirin mutumin da bai rufa naki ba. Na daɗe ina ɗauka cewa girman aiki yana ga girman sunan da ke kansa. Layukanki saba'in da ɗaya ba su da suna, kuma ban sauya ko harafi ɗaya a cikinsu ba.

Ranar Asabar da ta wuce muka yi mata walimar bankwana da rana, a shagon taliyar soba da ke bakin tafkin garinmu. Ana cikin ci sai ga Koguchi, wanda ya bar aiki tuntuni, yana dogara sanda. Ba a gayyace shi ba. Ya tsaya a gaban mutum talatin ya ce shi ne ya rubuta dabarar da ta yar da sifilin, shi ne ya ce a bari sai bazara, shi ne kuma ya kai ta jikin taga. Ya sunkuya har sandarsa ta kusa kuɓucewa, ya daɗe bai ɗago ba. Ta miƙe, ta riƙe masa gwiwar hannu.

“Koguchi-san, ɗago hakan nan, bayanka ba na da ba ne. Zauna, taliya tana jiƙewa.”

Ya zauna kusa da ita. Da hannunsa ya zuba mata shayi.

Mun gode, Ushiyama-san. Ku kuma abokan sana'ata, masu rubuta abin da wasu za su karanta su gaskata, duk ranar da aka miƙo muku takarda alhali kun ga abin da kuka gani, ku yi yadda ta yi. A ƙauyukan kan duwatsun nan yau akwai samari da 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai, suna noman tuffa, suna tuƙa motoci, wasu suna goyon nasu jariran. Ba su taɓa jin sunanta ba, kuma babu abin da ya same su da zai sa su ji.