Malam Maitama da Sunan Furotin Masara

Shekara talatin da ɗaya Malam Maitama ya yi yana koyar da kimiyyar noma a wata sakandare a Bakori, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa ya haddace abu ɗaya: furotin ɗin masara, wato sinadarin gina jikin da ke cikinta, sunansa zein. Malam zai rubuta a allo, ya ce daga Zea aka ciro shi, sunan masara ke nan a bakin Girkawan dauri. Ya yi ritaya ya koma gona, amma ko farashin buhu ka tambaye shi sai ya kai ka asalin wata kalma. Mutum ne mai son a ce ya sani, wannan kam ba ƙarya.

Duk damina, idan ƙungiyar manoma ta taru a gonar gwaji, shi ake miƙa wa lasifika. Bana sai aka ce Bushra ce za ta yi bayani, 'yar Buba mai faci, wadda ta karanto ilimin iri a Zariya. Yarinyar da ya koya wa zana ƙwayar masara! Ƙyashi ya hana shi cin tuwo kwana biyu.

Ranar taro ta yi bayanin sabon iri tiryan-tiryan, ana ta gyaɗa kai, Malam na cika yana batsewa. Da ta ce Zea sunan wata irin alkama ce a Girkanci, ya miƙe zumbur, ya samu abin da yake jira.

"Ke Bushra, masara dai. Ba alkama ba."

Ta rusuna. "A gafarce ni Malam, Girkawan dauri ba su taɓa ganin masara ba. Daga nahiyar Amurka ta fito, aron sunan aka yi mata daga baya."

Wallahi bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Wanda ya buɗe ido ya ga kakansa na karyar masara, ina zai zaci akwai ƙasar da ba ta san ta ba? Rabin manoman wurin ɗalibansa ne. Ba wanda ya yi dariya, sai sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Bayan la'asar Buba ya zo ba shi haƙuri. Malam ya ce ba komai, yarinya ta yi karatu. Buba ya tsaya yana jiran Malam ya sa mata albarka. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ja kekensa ya tafi.