Cigiyar Mahala Gideon

A ƙasa Mahala ta shigo garinmu, da ƙunshin kaya a ka, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare. Lokacin hanyoyin Georgia cike suke da mutanenmu bayin da aka 'yanta, wasu na neman dangi, wasu kuwa tafiya kawai suke yi don su gani ko da gaske babu mai tsayar da su. Ta kama ɗaki kusa da nawa a bayan tashar jirgin ƙasa, muka riƙa yi wa fararen fata wankau tare. Doguwa ce, ga ƙarfi, ga taurin kai.

A watan Disamba Fasto Elam ya karanta mana a coci cewa an gyara tsarin mulkin ƙasa, ba sauran bauta har abada. Mata suka ɓarke da ihu da tafi, ni har hulata ta faɗi. Mahala ko gezau. Da muka fito ta ce, "Viney, takarda ce ta sayar da ni, yau takarda ta sake ni. Allah dai ya sa kada ruwa ya jiƙa ta."

Yawancinmu sunan iyayen gijinmu muka ci gaba da ɗauka, ni ma haka, don ban ga abin wahalar da kai ba. Ita kuwa da ma'aikacin gwamnati ya tambaye ta, sai ta ba shi Mahala, sunan da uwarta ke kiranta da shi a ɓoye, ta haɗa da Gideon na ubanta. Sunan da aka kira ta da shi shekara arba'in a gona, da sunan mai gonar, ta rantse ba za su sake fitowa daga bakinta ba. Ko ni da muke cin wake da burodin masara a kwano ɗaya ban san su ba.

Tana da 'ya guda, Lettie. Yarinyar na da shekara shida aka sayar da ita ga wani dillali mai kai bayi yamma, tun shekara goma sha biyu kafin yaƙi. Ita kaɗai Mahala ke nema a duniya.

Yadda muke neman namu sananne ne. Ka je wurin fasto ya rubuta maka cigiya, a buga a jaridar coci, ran Lahadi a karanta ta a kowace majami'ar baƙar fata daga nan har Texas. Kowa kuma da sunan tsohon ubangidansa yake farawa, don da shi aka san juna.

Fasto ya ɗauki alƙalami ya ce, "'Yar'uwa Mahala, gonar wa?"

"Gonar Allah."

"Ban da wasa. Sunan ubangidan fa?"

"Rubuta Mahala Gideon ta Georgia tana neman 'yarta Lettie. Ya isa."

"Lettie nawa ne a ƙasar nan? Ko a cocin nan muna da uku."

"Jinina ce, Fasto. In ta ji za ta gane."

Haka aka buga. Shekara ta zagayo ba amsa, ta sa aka sake. Duk Lahadi tana kujerar gaba, hannu a kan cinya, tana sauraron cigiyar mutane har ta ƙarshe, sannan ta tashi ta karkaɗe siket, ta fita. Muka ga wasu sun sami nasu, wani tsoho ma ɗansa ya zo daga Arkansas ya tafi da shi.

Na sha yi mata faɗa a bakin tukunyar wanki. "Ke dai kin cika kafiya. Mutumin nan ya mutu ko yana raye, me sunansa zai rage miki?"

"Ke da kika goya sunan naki kamar jariri, ina za ki gane?"

"Na goya, kuma ƙanwata ta same ni da shi. Ke wa ya same ki?"

Sati biyu ba ta yi mini magana ba. Gaskiya na ji ba daɗi, amma ban janye ba.

A shekara ta bakwai ciwon ƙirji ya kwantar da ita wata guda. Da ta tashi, ta rame, ta ce in raka ta gidan fasto. Ta ƙi zama. Ta juya fuska ga bango ta ce, "Rubuta Sukey. Sukey ta gonar Talbert, bakin kogin Oconee." Ta fita waje ta tofar da yawu, ta kuskure baki a famfo, muka koma kan wankinmu.

Bayan wata biyu da rabi wasiƙa ta zo daga Texas, a bayanta an rubuta Sukey Talbert. Fasto da kansa ya kawo, ya same mu muna shanya. Lettie na raye, ta yi aure, 'ya'yanta huɗu, babbar ma Sukey ta sa mata. Mahala ta runtse ido da jin wannan.

Fasto ya dube ta, sannan ya karanta sauran.

"Mama, duk Lahadi ina kujerar gaba ina jiran in ji Talbert. Akwai wata baiwar Allah a Georgia, Mahala Gideon, ita ma 'yarta Lettie. Shekara shida ana karanta cigiyarta a cocinmu, duk ranar da aka karanta sai na yi mata addu'a. In kin san ta, ki ce mata kada ta gaji."

Ni kam kuka na fashe da shi, ban ji kunya ba. Mahala ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

Ta ce, "Shekara nawa ta ce, Fasto?"

Ya ce, "Shida."